Jarka ta Goma Sha Biyu

Ranar da Lurwanu ya dawo daga kasuwar Gazawa da usur rataye a wuya, Gwaggo Laraba tana kishingiɗe a ɗakinta tana tufkar igiyar kaba. Shekara huɗu ke nan da ƙafafunta suka daina jin maganarta. Hannuwa dai suna nan da ƙarfinsu, kunne ma haka, baki kuwa ba a magana. Ita ce ƙanwar uban Lurwanu, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa. Ɗakin da ya ba ta shi ne na can ƙuryar gida, inda take kwana da jarkokin fetur goma sha biyu. Fetur ne sana'arsa, yana sayar wa 'yan kabu-kabu masu babur a kwalabe a bakin hanya, waɗannan goma sha biyun kuwa ajiya ce, ana jiran ranar da mai zai yi wuya. Ya ce ɓarawo ba ya shiga ɗakin tsohuwa, don tsohuwa ba ta barci.

Ta 'yar tagarta ta ji ya tara mutanen gida.

"Yau 'yan kwana-kwana suka zo daga Maraɗi da jar motarsu," in ji shi. "Wani sarjan ne ya yi bayani, Kamal sunansa. Ya ce motarsu nesa take, kafin ta iso gobara ta ci abin da za ta ci. Don haka kowane gida shi san hanyar fitarsa tun wuta ba ta zo ba. A sami wurin taruwa a waje. A riƙa gwadawa, don abin da jiki ya saba shi zai yi ranar da hankali ya gudu. In an taru kuma, a ƙirga mutane."

"A ƙirga mutane?" in ji matarsa Zulai. "Alhaji, ɗiyana za ka ƙirga? Awaki ne?"

"Ke ma dai kya faɗa! Wa ya ce miki zan ƙirga mutum? Wanda aka ƙirga ai an nuna wa mutuwa shi da yatsa. Tun a hanya na warware wannan. Takalma za a ƙirga. Kowa ya isa gindin bishiyar bedi shi tuɓe nasa shi jera."

Ƙanensa Chindo, wanda ke tsare masa teburin mai, ya tafa hannu. "Kai, Yaya, da ka yi karatun lakol da yanzu kai ne gwamna."

Gwaggo ta dubi ƙafafunta. Takalmanta na ƙarshe, na fata, an daɗe da yanka su an ɗaure ƙyauren akurkin kaji. Ta ci gaba da tufka.

Ranar Juma'a da hantsi usur ya yi ƙara. Gida ya rikice da gudu. Lurwanu ya tsara komai bi da bi: jarkoki tukun, sannan firigo mai sanyaya ruwa, sannan tele, sannan ragon layya, sannan akwatin takardun fili. Chindo ya banko ƙyauren Gwaggo da baro.

"Sannu, Gwaggo. Ɗan janye ƙafar."

"Da zan iya janye ta, ka same ni a nan?"

Ya ɗaga ƙafar ya aje gefe kamar itacen girki, ya loda jarka huɗu ya fita. Ya dawo. "Sannu, Gwaggo." Huɗu. Ya sake dawowa. "Sannu, Gwaggo." Huɗu. Daga nan shiru.

Bishiyar bedin tana bayan katangar ɗakinta ne, a lungu, don haka komai a kunnenta aka yi. Ta ji ana jera takalma. Ta ji Lurwanu yana ƙirgawa da muryar mai shela: nasa, na Zulai, na Chindo, na yara shida.

"Tara cif! Alhamdu lillahi, kowa ya fito. Minti bakwai!"

Da ya leƙo gaishe ta bayan la'asar, ta ce, "Lurwanu, ashe yau na mutu."

"Subhanallahi, Gwaggo, wace irin magana ce wagga?"

"To, na ji wuta ta kama gida, na ji kowa ya fito. Ni kuma ga ni ciki."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gwaji ne fa, Gwaggo. Wasa ne. Don wasa zan sa a jijjiga tsohuwa a rana? Mutane su ce mi? In ta gaske ta zo, Allah shi kiyaye, ke ce farko."

"Sarjan ɗin naka bai ce abin da jiki ya saba ba?"

"Ashe kina ji."

"Kunne bai shanye ba."

"Kwantar da hankalinki," in ji shi, ya shafa jarkar da ke bakin ƙofa ya fita.

Tun daga nan tsoron gobara ya shiga Lurwanu sosai, kuma duk ranar da tsoron ya ƙaru, sai wani abu ya ragu a ɗakin Gwaggo. Kaskon da take ɗuma gwiwoyinta da shi aka fara ɗaukewa, wannan kam ba ta yi gardama ba. Aka bi da turaren wuta. Aka bi da rediyonta, don ya ji an ce batir na tartsatsi. Aka bi da tocila. Wata safiya ya zo da kansa ya karɓe 'yar wuƙar da take yankan kaba da ita, ya kafa doka: kada wanda ya sake shiga ɗakin nan da ƙarfe a aljihu, ko da allura ce.

"Baron Chindo da auduga aka ƙera shi?" ta tambaya.

"Baro na cikin tsari, Gwaggo."

Sai taga. Ya ce iska na iya ɗauko tartsatsi daga madafa ta jefo ciki, ya sa aka buga mata kwanon rufi aka rufe ruf. Ɗakin ya zama rana da duhu duk ɗaya, warin fetur ya rasa hanyar fita, ya koma zama a ƙirjinta. Ta fara tari. Furar da Zulai ke kawo mata, kafin ta sha rabi ta ɗauki ɗanɗanon mai. Da aka gama girbin wake kuwa, harawar ragon layya a saman rufin ɗakinta aka jibge ta, don nan ne awakin maƙwabta ba sa kaiwa.

Ta gwada Zulai.

"Ɗiyar nan, ranar Juma'a ko goyo ne ki yi mini mana. Na goyi mijinki shekara biyu."

"Gwaggo, ni da wannan bayan nawa? Kuma firigo ne rabona, ni da Alhaji. In na saki gefena ya faɗo masa a ƙafa fa?"

Ta gwada Chindo.

"Sawu na huɗu kawai. Ban kai jarka biyu nauyi ba."

"Wallahi Gwaggo da ni ne, da tuni. Amma sawu na huɗu zai ɓata lokaci, ga shi mun sauko minti biyar. Gidan Jibo mai taya har yanzu suna minti takwas."

Ta koma kan Lurwanu. Ya sunkuyar da kai ya ce shi kunya ba za ta bar shi ya ciccibi gwaggonsa kamar buhun gero a gaban jama'a ba, tarbiyyar da ta ba shi ba ta kai shi nan ba.

Labarin gidan ya bazu a gari, har ya kai kunnen 'yan kwana-kwana. Wata Juma'a Sarjan Kamal ya biyo ta Gazawa, ya tsaya ya ga gwajin da idonsa. Gwaggo ta ji an share lungu, ta ji an shimfiɗa tabarma, ta ji usur, ta sha "Sannu, Gwaggo" uku. Ta ji tara cif. Minti huɗu da rabi.

"Madalla," in ji wata baƙuwar murya. "Babu kowa ciki ke nan?"

"Ko ɓera, ranka shi daɗe."

Gwaggo ta tattara abin da tari ya bar mata na numfashi, ta ɗauki kwanon furarta ta maka wa kwanon taga.

"Mai jar mota! Ɓera na gaishe ka!"

Sarjan ya shigo, dogo, hularsa a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa har idonsa ya saba da duhun. Ya dubi sawun jarkoki a ƙasa, ya dubi tagar da aka toshe, ya ɗaga kai ya dubi rufin. Sannan ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ake gaida uwa.

Abin da ya gaya wa Lurwanu a tsakar gida, bai ɗaga murya ba, amma ta ji shi duka. Fetur ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum. A buɗe taga, a sauke harawa. Wanda ba ya iya tafiya shi ne farkon fita, kuma a san sunan mai ɗaukarsa tun yau. Kaya kuwa, in wuta ta kama, a bar su, ba a komawa don kaya.

"To, ranka shi daɗe. Gaskiya ne, ranka shi daɗe. An gama, ranka shi daɗe."

Jarkoki suka yi kwana uku a zaure. A na huɗu Lurwanu ya ce bai runtsa ba don tunanin ɓarayi, kuma Gwaggo ma ya lura kaɗaici ya dame ta. Suka dawo. Taga, ana jiran mai kwano ya dawo daga Cadakori. Harawa, ana jiran rago ya cinye.

Amma maganar ƙirga ta tsaya masa a rai, don an kunyata shi a gaban baƙo. Ran kasuwa ya shigo ɗakinta yana murmushi, da leda a hannu.

"Gwaggo, sarjan ya yi gaskiya, mun yi kuskure. Ga takalmanki."

Zuciyarta ta yi wani irin tsalle da ta manta tana iyawa. Ta miƙa hannu. Ya janye ledar.

"A'a, ba nan za su zauna ba. Ke da ba ki tafiya, wa zai kai su? Na buga ƙusa a jikin bedi, can za a rataye su dindindin. Kin ga ke nan ko da yaushe ke ce farkon fita, kamar yadda hukuma ta ce."

Juma'ar da ta biyo, ta ji shi ta bayan katanga: "Goma cif! Har da Gwaggo!" Yara suka yi tafi.

Ranar ba ta yi wa kowa baƙar magana ba. Ta kwanta ta yi ta sauraron yadda ake maido da kaya. Ta ji Lurwanu ya tsaya a bakin ƙofarta kamar yadda ya saba, yana taɓa jarkoki ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga su da baki, a fili, ba kunya ba tsoron mutuwa. Goma sha biyu. Bai taɓa barin wannan ƙirgar ga kowa ba, kuma bai taɓa wakilta takalmi ya tsaya wa jarka ba.

Ta jawo igiyarta. Kwana tara tana tufka, ruɓi uku, tana yanke kaba da haƙoran da suka rage mata. Da ta gama, ta miƙa hannu wajen jarkar da ke can ƙurya kusa da kanta. Saura taki guda ta kai. Tana wannan fama Zulai ta shigo da fura. Ta dubi igiyar, ta dubi hannun, ta dubi jarkar. Ta aje kwano, ta sa ƙafa ta tura jarkar har ta jingina da jikin Gwaggo, ta fita.

Gwaggo ta zura igiya a marikin jarka sau uku, ta zagayo da ita ƙugunta, ta yi irin ƙullin da ake yi wa guga, wanda ja ke ƙara masa ƙarfi. Ta lulluɓe kanta da jarkar da mayafi. Ranar Juma'a da sassafe takan kwance, don usur ɗin Juma'a ta san ƙarya yake yi. Sauran kwanaki shida kuwa tare suke wuni, tare suke kwana.

Ranar wata Talata ce, cikin bazara, bayan azahar. Man girki ya kama a kaskon suyar Zulai, harshen wuta ya lashi zanan madafa, iska ta yi sauran aikin. Gwaggo ta ji warin tun kafin ihun. Sannan usur, wannan karon yana rawa a bakin mai busa shi.

Chindo ya banko ƙofa. Huɗu. Ya dawo. Huɗu. Kafin sawu na uku harawar da ke sama ta fara ƙara kamar ana suyar gyaɗa, hayaƙi ya sauko ta tsakanin azara. Ya shigo yana tari, idonsa a rufe, hannuwansa na aikin da suka saba. Ya loda uku, ya laluba bai ji ta huɗu ba.

"Chindo," in ji ta. "Ta gaske ce. Ɗauke ni."

"Sannu, Gwaggo," in ji Chindo, ya fita a guje.

Ta ji firigo ya wuce. Ta ji tele. Ta ji rago yana turjiya. Ta ja mayafi ta toshe hanci, ta fara kalmar shahada, kunnenta na bayan katanga.

"...takwas, tara, goma. Goma cif! Alhamdu lillahi, kowa ya fito! Jama'a a kawo ruwa, a buga wa 'yan kwana-kwana!"

Wani garwashi ya faɗo a gefen tabarma. Ta murje shi da kwanon fura. Ta jira.

"...tara, goma, goma sha ɗaya." Jarkoki Lurwanu ke ƙirgawa yanzu. "Ɗaya, biyu, uku..." Muryar ta sake bi daga farko, da sauri. "Goma sha ɗaya. Chindo! Ina ɗayar? Chindo, don ubanka, ina ɗayar!"

Ba a yi ƙiftawa goma ba suka faɗo ɗakin su biyu, Lurwanu a gaba. Ya yaye mayafi, ya cafki jarka ya ja. Jarka ta taso da tsohuwa a bayanta.

"Mi ne ne wannan? Gwaggo, kwance! Kwance mana!"

"Ka ja, ya ƙulle."

"Chindo, wuƙa!"

"Yaya, ai ka hana."

"Ko mu fita tare," in ji Gwaggo, "ko mu tashi tare. Zaɓi, ɗana, rufi na jira."

Kunyar da ta hana Lurwanu wata biyar ta kama gabanta. Ya sa hannu a hammatar gwaggonsa ya ciccibe ta, Chindo ya rungumi jarka da ƙafafunta, suka zuba su a baro. Suna ƙetare zaure rufin ɗakin ya rufta.

Rabonta da ganin lungun shekara huɗu. Ashe Jibo mai taya ya yi wa gidansa shuɗin fenti. Ashe bedin da ta sani iya kafaɗa ya fi katanga. Ta zauna a baro, jarka a cinya, tana tari tana kallo, mutane na wucewa da bokitai suna waiwayenta.

Jar mota ta iso bayan sa'a guda da wani abu. Ɗakuna biyu da madafa sun riga sun tafi, amma 'yan kwana-kwana suka tare wutar kafin ta tsallaka maƙwabta, suka sa aka kwashe jarkokin zuwa bayan gari. Goma sha ɗaya suka tafi. Sarjan Kamal ya zo gindin bedi, fuskarsa duk baƙin hayaƙi, ya tarar Lurwanu na yi wa jama'a bayani.

"Tsari ne ya cece mu. Ko akuya ba mu rasa ba. Da kaina na koma cikin wuta na ɗauko gwaggona, ku tambayi Chindo."

Sarjan bai tambayi Chindo ba. Ya durƙusa gaban baro, ya bi igiyar da ido daga marikin jarka zuwa ƙugun tsohuwa.

"Inna, wa ya ɗaure ki?"

"Ni."

Ya daɗe yana kallon ƙullin. "Inna, wannan abin da kika runguma, da tartsatsi ɗaya ya same shi, ko ƙashinki ba za a tsinta ba. Bari in yanke."

Ta dafe igiyar da hannu biyu. "Ɗana, kai ka san wuta. Ni na san gidan nan."

Ta nuna ƙusar da ke jikin bedi, ta ce a sauko mata da takalmanta, yau dai ta fito ta ga dama ta sa. Zulai ta sauko da su ta kaɗe ƙura. Na roba ne ja, masu fure a gaba, irin na 'yar shekara shida. Babban yatsanta kaɗai ya shiga.

"Su ne masu araha," in ji Lurwanu a hankali. "Kuma ai ba don tafiya aka saye su ba."

Sarjan ya miƙe. Abin da ya gaya wa Lurwanu a wannan karon, ya ɗaga murya, kuma har da sunan jandarma a ciki. Fetur bai sake kwana a gidan ba. Amma Gwaggo ta ƙi sakin jarkarta, sai da aka yi sulhu: aka juye man a gaban idonta, aka wanke jarkar da omo, aka miƙa mata fanko. Ta karɓa ta jijjiga ta ji ba komai ciki. Ta dubi Lurwanu, ta ga yadda idonsa ya bi man da aka tafi da shi, bai ko waiwayi fankon ba. Ta kwance igiyar da kanta, ta naɗe ta a hankali ta sa ƙarƙashin cinya.

A Gazawa har yau akwai masu cewa tsufa ya taɓa kan Laraba, wai mace mai hankali ba ta rungumar fetur cikin gobara. Masu faɗin haka suna faɗa ne a bakin ƙofar gidajensu, kuma da yawansu akwai wani ɗaki can ƙurya da ake miƙa fura a ja ƙyaure. In ka tambaye su mutum nawa ne a gidan, sai su ce haba, ai ba a ƙirga mutane. Tambaye su buhun gero nawa ke rumbu.

An sake gina ɗakin kafin damina, da taga. Lurwanu ya ce tun da babu jarkoki, ɗakin ya yi wa tsohuwa ɗaya girma, kuma ɓarawo ba ya shiga inda tsohuwa take. Ya sa aka kai firigo can.

Da Zulai ta shigo da fura washegari, ta tarar Gwaggo ta miƙa hannu da igiya wajen firigon, saura taki guda ta kai. Ta aje kwanon. Ta sa kafaɗa ta tura.